Yadda Ake Haɗa Ƙananan Ƙwallayen PLGA Masu Sakin BMP-2 a Hankali Don Gyaran Ƙashi

Ƙashi yana cikin 'yan sassan jikin da ke iya gyara kansu har su koma yadda suke tun asali, shi ya sa yawancin karaya kan haɗe da zarar an daidaita ta an hana ta motsi. Matsala tana tasowa ne idan giɓin ya yi faɗi, kamar bayan mummunan haɗarin mota, ko harbin bindiga, ko inda likita ya yanke ruɓaɓɓen ƙashi ya fitar. A irin wannan hali bakunan ƙashin biyu ba sa iya riskar juna, kuma abin da likitocin ƙashi suka fi dogara da shi har yau shi ne su yanko ɗan ƙashi daga ƙugun majinyacin su dasa a wurin. Ke nan tiyata biyu a jiki ɗaya, ga ciwon da kan daɗe a inda aka yanko, ga kuma iyakar abin da ƙugu zai iya bayarwa.

A shekarar 1965 wani likitan ƙashi na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis, Marshall Urist, ya nuna cewa idan aka cire ma'adinan ƙashi da asid aka dasa ragowar a cikin tsokar dabba, sabon ƙashi yana fitowa a wurin da ba a san shi da ƙashi ba. Furotin ɗin da ke jawo haka su ne aka sa wa suna BMP, kuma a 1988 John Wozney da abokan aikinsa suka gano ƙwayoyin gadon da ke samar da su, abin da ya buɗe ƙofar sarrafa ɗaya daga cikinsu, wato BMP-2, da yawa. A 2002 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da Infuse, wato BMP-2 da ake jiƙa soson kolajin (furotin ɗin fata da jijiya) da shi, don haɗa gaɓoɓin ƙashin baya, sannan a 2004 ta amince da shi don buɗaɗɗiyar karayar ƙwauri. Sai dai soson ba ya riƙe furotin ɗin da kyau, yawancinsa kan zube cikin kwanakin farko, don haka ake zuba shi da ƙarfin miligiram 1.5 a kowace mililita, adadin da ya ninka abin da jiki ke da shi nesa ba kusa ba. Sakamakon haka aka riƙa ganin kumburi da fitowar ƙashi inda ba a so, har hukumar ta yi gargaɗi a 2008 kan kumburin wuya da maƙogwaro mai iya halaka mutum idan an yi amfani da shi a ƙashin wuya.

Dalilin yin ƙananan ƙwallaye ke nan: a rufe ɗan furotin kaɗan a cikin abin da jiki zai narkar da kansa, ya riƙa tsattsafowa cikin makonni kamar yadda sabon tulu ke tsattsafo da ruwa, maimakon ya kwarare gaba ɗaya. Bayanin da ke tafe na mai aiki a ɗakin bincike ne, kuma abin da za a samu a ƙarshe kayan gwaji ne, ba maganin da za a sa wa mutum ba. Abin da ya kamata mai aikin ya riƙe tun daga farko shi ne cewa samun zagayayyun ƙwallaye masu kyau a hoto abu ne mai sauƙi, wahalar tana wajen fitar da furotin ɗin yana da sauran ƙarfinsa, domin kusan kowane mataki na haɗin yana iya lalata shi.

Zaɓen folima

PLGA, abin da ake yin ƙwallayen da shi, folima ce, wato sinadari mai dogayen sarƙoƙi irin na roba, da aka haɗa daga asid ɗin laktik da na gilaikolik. Ruwa ne ke tsinka ta sannu a hankali ta koma waɗannan asid biyu, jiki kuma ya sarrafa su ya fitar. Ta daɗe a hannun likitoci: daga danginta ne ake yin zaren ɗinkin tiyata mai narkewa na Vicryl, kuma allurar Lupron Depot da aka amince da ita a Amurka a 1989 ƙwallayen PLGA ne ɗauke da magani na wata guda.

Abubuwa uku za a duba a jikin kwalbar kafin a saya. Na farko shi ne rabon asid ɗin biyu. Mai rabon 50:50 ta fi kowace saurin narkewa, takan ɗauki kimanin wata ɗaya zuwa biyu, mai 75:25 kuwa takan kai wata huɗu zuwa biyar, saboda yawan laktik yana hana ruwa shiga. Tunda aikin kiran ƙwayoyin halitta su zama masu gina ƙashi yana faruwa ne a makonnin farko bayan rauni, 50:50 ce ta fi dacewa a fara da ita. Na biyu shi ne nauyin folimar, domin mai dogayen sarƙoƙi ta fi daɗewa kuma ta fi kauri idan an narkar da ita. Na uku, wanda sababbin masu bincike suka fi mantawa da shi, shi ne ƙarshen sarƙar. Wadda ƙarshenta asid ne, irin wadda kamfanin Evonik ke sa wa harafin H kamar Resomer RG 503 H, tana shan ruwa da wuri, amma tana ɗauke da cajin lantarki maras kyau (−), shi kuwa BMP-2 mai caji mai kyau (+) ne a yanayin jiki, don haka yakan manne mata. Wannan mannewa tana rage zubewar farko, tana kuma iya hana wani kaso na furotin ɗin fitowa sam. Wanda yake da hali ya gwada iri biyun a jere.

A fara da furotin mai arha

BMP-2 yana da tsada ƙwarai, ana sayar da shi ne a maikirogiram, don haka kuskure ne a koyi hannu da shi. A yi haɗin farko da furotin mai arha, albumin ɗin jinin shanu, har sai girman ƙwallayen ya riƙa fitowa iri ɗaya daga haɗi zuwa haɗi. Daga nan a koma furotin ɗin laisozayim, wanda cajinsa ya fi kusa da na BMP-2 fiye da albumin, domin a ga yadda folimar ke riƙe furotin mai caji mai kyau.

Shi kansa BMP-2 ba ya narkewa da kyau a pH 7 (pH ma'aunin tsami ne, 7 ita ce tsaka-tsaki, ƙasa da ita tsami), yakan dunƙule ya kwanta. A narkar da shi a ruwa mai ɗan tsami, wajen pH 4.5, kamar yadda ake yi wa na asibiti, a haɗa masa da albumin da sukarin tirehalos ko sukuros. Albumin ɗin yana riga shi zuwa iyakar da ke tsakanin ruwa da manarki, wato sinadarin da ake narkar da folimar a ciki, wurin da furotin ke warwarewa ya lalace, sukarin kuma yana kare shi lokacin busarwa. A yi amfani da bututun roba waɗanda furotin ba ya manne musu, in ba haka ba wani kaso zai ƙare a jikin bango kafin a fara komai.

Haɗin kansa

Hanyar da aka fi bi ita ce ta kaɗi biyu, wato ruwan furotin a cikin mai (narkakkiyar folimar), sannan haɗin gaba ɗaya a cikin wani ruwan. Adadin da za a ambata nan mafari ne kawai, kowane ɗakin bincike yakan daidaita nasa.

A narkar da miligiram 200 na PLGA a cikin mililita 2 na manarkin DCM (daikloromitan) a kwalbar gilas mai murfi, a cikin akwatin zuƙe tururi, domin shaƙar DCM na da illa kuma yana cin wasu nau'o'in roba. A nan akwai abin da ya shafi mai aiki a ƙasashenmu kai tsaye. DCM yana tafasa ne a wajen digiri 40 na ma'aunin Salshiyos, zafin da garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai kan kai har su wuce a lokacin bazara. Ita ma PLGA mai 50:50 tana fara laushi a tsakanin digiri 40 da 50, kuma idan ta sha ruwa ko tana da ragowar manarki takan yi laushi ƙasa da haka. Saboda haka a yi aikin a ɗaki mai sanyi, a ajiye kwalbar cikin ƙanƙara, a kuma tabbatar da wutar da ba za ta yanke ba kafin a buɗe kwalbar furotin.

A ɗebi maikirolita 100 zuwa 200 na ruwan furotin a ɗiga a cikin narkakkiyar folimar, a kaɗa da na'urar girgiza ta sauti na daƙiƙa 20 zuwa 30, kwalbar tana cikin ƙanƙara, ana yi ana tsayawa. Haɗin zai koma fari kamar madara. Idan aka ajiye shi minti ɗaya aka ga ruwa ya fara warewa a sama, kaɗin bai yi ba, kuma furotin ɗin zai gudu waje a mataki na gaba. Idan kuma aka daɗe ana kaɗawa don neman kyau, zafi da girgiza za su lalata shi. Ruwan cikin ma kada ya wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na manarkin, domin yawansa yana barin manyan ramuka a cikin ƙwallayen.

Nan take a juye wannan farin haɗi a cikin kimanin mililita 20 na ruwan PVA, wata folima mai narkewa a ruwa, mai ƙarfin kashi 1 cikin ɗari, mai sanyi, a kaɗa da injin kaɗawa na minti ɗaya. A nemi PVA wadda aka rubuta kashi 87 zuwa 89 a jikinta, ita ce ke zama a bayan kowane ɗigo ta hana shi haɗewa da ɗan'uwansa. Gudun injin a wannan mataki shi ne ya fi komai yanke girman ƙwallayen: ƙara gudu yana ba da ƙanana, rage shi yana ba da manya, kuma folima mai kauri tana ba da manya ko da gudun bai canja ba. Girman da ake nema don ƙashi yana tsakanin maikiromita 20 da 100. Waɗanda ba su kai 10 ba, ƙwayoyin garkuwar jiki masu haɗiye baƙin abu za su cinye su, furotin ɗin ya lalace a cikinsu ba tare da ya taɓa wurin da aka nufa ba.

Daga nan a zuba komai cikin mililita 200 na ruwan PVA mai rauni, kamar kashi 0.3 cikin ɗari, a bar shi yana juyawa a hankali a buɗe na awa 3 zuwa 4. Yawan ruwan yana da dalili. DCM yana narkewa a ruwa ne da kusan kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari kacal, don haka sai ruwa mai yawa ne zai iya janye shi da sauri har bayan ƙwallayen ya taurare kafin furotin ya sulale. Idan an ga furotin yana yawan zubewa da wuri, a zuba ɗan gishiri a wannan ruwan na waje. Gishiri da sukarin da ke cikin ɗigon suna jawo ruwa ciki su huda folimar, gishirin waje kuwa yana rage wannan jan, sai a sami ƙwallaye masu santsin baya. Kafin a ci gaba, a ɗauki ɗigo ɗaya a sa ƙarƙashin madubin ƙara girma, a danna gilashin rufi kaɗan. Waɗanda suka taurare za su mirgina su koma gefe, masu sauran manarki kuwa za su baje su manne da juna.

A tattara su da injin juyi a ƙaramin gudu, a wanke sau uku da ruwa mai tsabta mai sanyi don cire PVA, a ajiye ruwan wankin domin za a auna abin da ya tsere cikinsa. A tace da rariya mai ramukan da aka sani don a ware girman da ake so, a daskarar a digiri 80 ƙasa da sifili, a busar cikin daskarewa na kimanin kwana biyu. Garin da aka samu a ajiye shi a digiri 20 ƙasa da sifili tare da abin tsotse laima, kuma duk ranar da za a buɗe a bari kwalbar ta kai ɗumin ɗaki tukuna, don kada raɓa ta kwanta a kai ta fara narkar da shi.

Tsamin da ke taruwa a ciki

Wannan ita ce matsalar da ta fi ɓoyuwa. Yayin da PLGA ke tsinkewa, asid ɗin da take saki ba ya samun fita da sauri daga tsakiyar ƙwallon, sai ya taru ya ƙara hanzarta tsinkewar. Saboda haka ne manyan ƙwallaye kan riga ƙanana ruɓewa daga ciki, saɓanin abin da hankali zai fara ba mutum. A shekarar 2000 masu bincike a ɗakin Robert Langer na MIT sun auna pH da ya sauka har kusan 1.5 a tsakiyar irin waɗannan ƙwallaye, kuma a shekarar ce ƙungiyar Steven Schwendeman ta nuna cewa haɗa garin magniziyam haidiroksaid a cikin folimar yana kare furotin daga wannan tsami. Duk da cewa BMP-2 yana son ɗan tsami, makonni a irin wannan yanayi a zafin jiki suna tsinka furotin su dunƙule shi. Ana iya zuba ɗan kaso kaɗan na garin, bisa nauyin folimar, a cikin DCM tun kafin kaɗin farko, amma a sani cewa yana jawo ruwa kuma zai sauya yadda furotin ke fita, don haka sai an sake aunawa.

Aunawa

Tambaya ta farko ita ce nawa ya shiga. Idan an sa maikirogiram 20 na BMP-2 a miligiram 200 na folima, lissafi ya ba da kusan nanogiram 100 a kowane miligiram, idan kuma aka samu 60, to kashi 60 cikin ɗari ne ya shiga. A kula da cewa gwajin jimillar furotin irin BCA zai ƙirga albumin ɗin da aka haɗa, wanda ya fi BMP-2 yawa sosai, don haka sai da ELISA, gwajin da ke iya gano BMP-2 shi kaɗai. Narkar da ƙwallaye da soda mai ƙarfi kuwa yana lalata furotin har ELISA ta kasa gane shi. Gara a narkar da folimar a asiton, furotin ya kwanta, a juya a kwashe, a sake narkar da shi a ruwansa mai tsami. Dogaro da abin da ya tsere cikin ruwan wanki kaɗai yakan ba da adadi mai daɗin ji wanda ba gaskiya ba ne, domin duk abin da ya manne a bango ko ya lalace za a lissafa shi a matsayin wanda ya shiga.

Don ganin yadda yake fita, a auna miligiram 10 na gari a bututu, a zuba mililita 1 na ruwan gishirin fosfet mai pH 7.4 da aka sa wa ɗan albumin, a ajiye a digiri 37 yana motsi kaɗan. A rana ta 1 da ta 3 da ta 7, sannan duk mako, a kwashe ruwan duka a daskarar, a maye da sabo. Abin da aka saba gani hawa uku ne: zubewar farko daga furotin ɗin da ke kusa da baya, sai tsaiko inda kusan babu abin da ke fita, sai saki na biyu idan folimar ta fara rugujewa. Ɗan zubewar farko ba aibi ba ne, yana iya taimakawa wajen kiran ƙwayoyin halitta zuwa wurin. Tsaikon ne ya fi cutarwa idan ya yi tsawo, kuma ana rage shi da gauraya folima mai ƙaramin nauyi da mai babba, ko haɗa ƙwallaye masu girma daban-daban.

ELISA tana nuna cewa furotin yana nan, ba ta nuna cewa yana aiki. A ganina duk rahoton da ya tsaya a jadawalin ELISA bai kammala ba. A zuba ruwan da aka kwasa a kan ƙwayoyin C2C12, waɗanda asalinsu na tsokar ɓera ne amma BMP-2 ke juya su zuwa tafarkin ƙashi, bayan kwana 3 a auna enzayim ɗin alkalin fosfates, wanda ƙaruwarsa ke nuna sun kama tafarkin ƙashi, a kwatanta da sabon BMP-2 mai adadi iri ɗaya. A gwada na makon farko da na mako na huɗu, domin sau da yawa na farkon yana da ƙarfi, na baya kuwa ya mutu. Idan asarar ta yi yawa, akwai mafita biyu: a busar da furotin da sukari ya zama gari a zuba shi a bushe cikin folimar, tunda busasshen furotin ya fi jure manarki, ko a koma ƙwallayen jelatin irin waɗanda Yasuhiko Tabata na Jami'ar Kyoto ya daɗe yana aiki a kansu, inda ake gama ƙwallayen tukuna sannan a jiƙa su da furotin, bai taɓa haɗuwa da DCM ba.

Sai ragowar manarki. Ƙa'idar ICH, majalisar ƙasa da ƙasa mai daidaita ƙa'idojin magunguna, ta sa iyakar DCM a magani a kashi 600 cikin miliyan, kuma da na'urar tantance iskar gas ake auna shi, ba da hanci ba. Batun kashe ƙwayoyin cuta kuma a shirya shi tun farko. Tukunyar tururi mai digiri 121 za ta narkar da komai, hasken gama kuwa yana gajarta sarƙoƙin folimar ya sauya lokacin saki. Abin da ya fi shi ne a tace kowane ruwa da matata mai ramin maikiromita 0.22, na DCM da matatar PTFE, robar da DCM ba ya ci, a yi haɗin duka cikin tsabtataccen wuri.

Kai su wurin ƙashi

Garin ƙwallaye shi kaɗai ba ya zama inda aka zuba shi, jini zai kwashe shi, kuma ba ya ɗaukar nauyi. Ana cusa shi ne a cikin soson kolajin, ko simintin kalsiyam fosfet, ko wani firam mai ramuka. Tunda ƙashi ba ya tsirowa inda babu jijiyoyin jini, wasu masu bincike, ciki har da na Jami'ar Rice da na asibitin Mayo a Amurka, sun gwada haɗa VEGF, furotin ɗin da ke tsirar da jijiyoyin jini, mai fita da wuri da BMP-2 mai fita a hankali. Tsari ne mai ma'ana, amma kada a ƙara furotin na biyu kafin a mallaki na farko.

Gwajin dabba sai da izinin kwamitin ɗa'a. Wanda aka fi yi shi ne rami mai faɗin milimita 8 a ƙoƙon kan babban ɓera (rat), girman da ba ya rufewa da kansa, a duba shi bayan mako 8 zuwa 12 da ƙaramar na'urar hoton CT da kuma yankan nama a madubi. A tanadi rukuni huɗu: ramin da ba a sa wa komai ba, ƙwallaye marasa furotin, BMP-2 a soson kolajin, da BMP-2 a ƙwallaye da adadi daidai da na soson. Wanda zai karanta hotunan kada ya san rukunin da kowace dabba ta fito, kuma a duba gefen ramin da ƙarƙashin fata ko ƙashi ya fito inda ba a nufa ba.